Jan Zanen Goggo a Kan Katanga

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba, a hatsarin mota kan hanyar Bauchi. Ina zaune kusa da shi ranar. Tun daga nan ban ƙara shiga mota ba.

Hamma direba ne, amma abin da ya fi so shi ne hasumiyar nan ta kan dutse, inda ake hango Gombe gaba ɗaya. Duk ranar da zai kai ni, sai ya ce wa mahaifiyarmu, "Goggo, a shanya jan zanen nan a katanga." Ta ce, "Kai dai Buba, zanena ya zama tuta?" Amma sai ta shanya.

Ni matsoraciya ce, shi kuwa bai taɓa yi mini dariya ba. In na tsaya cak a matakala, ba ya cewa kada in dubi ƙasa. Cewa yake, "Dija, nemo mana gida." Ina laluben jan zanen a cikin unguwarmu Tudun Wada, sai in ga mun kai sama.

Da zai dubi garin yau, anya zai gane shi? Kuɗin mai sun shigo, rufin kwano ya cinye na ƙasa, gonakin audugar da yake nuna mini sun zama gidaje. Na san zai yi murna da sababbin motoci, ya kuma yi faɗa kan gudun da ake yi da su.

Yanzu an ba ni gurbi a makarantar koyon jinya a Yola, can kuwa babu jirgin ƙasa. Ko mota, ko in rasa. Na yi ta juya abin, har shekaranjiya na roƙi Goggo ta ciro zanen daga adaka, ta shanya a katanga. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Ni kaɗai na hau hasumiyar. Na tsaya a matakala, na ƙara tsayawa. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙyallin kwano ya kashe mini ido, na ɗauka gidan ya ɓace. Can sai ga shi, ɗan ja kamar barkono a faifai.

Hamma bai bar gida ko gona ba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bar mini shi ne inda zan sa ido in tsoro ya zo. Tsoron yana nan, ban ce ya tafi ba. Amma ran Asabar zan shiga motar Yola, Goggo kuwa ta riga ta ninke mini zanen a saman akwati.