Ƙofar Hawa na Tara

Yayana mai yankan makulli ne. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki a wuri ɗaya, wani ɗan shago a ƙarƙashin matattakalar bene, inda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. A hannun dama akwai injin yanka, a hagu kuma allon katako da aka kafa wa ƙusoshi, makullan da ba a fitar wa haƙora ba suna rataye a jere. Can ciki, bayan labule, akwai tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, wadda sai ta yi tari sau biyu kafin ta farka. Ba don aiki ya ajiye ta ba.

Duk layin Kawu ake ce masa, har waɗanda suka girme shi, don kuwa haka ɗiyata take kiransa tun tana rarrafe a ƙofar shagon, sunan ya bi shi. Shi kuma Injiniya yake ce mata. Ni Malama yake ce mini, duk da shi ya goya ni, saboda na karanta lissafi a jami'a na kuma koyar da shi. In ya faɗi sunan akwai ɗan gatse a ciki, amma na saba.

Injiniya ce ta koya masa wasan kwamfuta, wani hutu tana shekara goma sha huɗu. Ba irin na harbi ko tseren mota ba. Irin wanda za ka ga ɗan mutum tsaye a cikin ɗaki, ka kai kibiya kan wani abu ka danna, sai ya taka ya je ya duba. In abin ɗauka ne ya ɗauka ya zuba a aljihu, kuma aljihun ba ya cika: tsani ma shiga yake. Daga baya sai ka gane wane abu za ka haɗa da wane don hanya ta buɗe. Kwana biyu Yaya yana yi mata dariya, yana cewa wannan ai koya wa yara ɗauke-ɗauke ne. A rana ta uku ya leƙa ta kafaɗarta ya ga ƙofa a kulle. Ya tambaye ta tun yaushe take a kulle, ta ce tun jiya. Ya ce ta matsa.

Tun daga ranar ya zama mai ra'ayi, kuma ra'ayinsa ba ya lanƙwasuwa. Wasan harbi, a cewarsa, na wanda bai iya zama ba ne. Wasan da ake ƙirga maka lokaci rashin kunya ne, don ba a yi wa mai tunani agogo. Sunayen wasannin ma bai taɓa riƙewa ba, nasa yake raɗa musu. Na ɗaya a wurinsa shi ne na Ɗan Aike, wanda zai kai wasiƙa guda a garin da kowa ya rufe ƙofa. Ya ce duk wanda ya zana makullan wasan nan ya taɓa riƙe magagari da hannunsa. Na biyu na Kukun Jirgi, saboda akwatin kyaftin yana da kwaɗo na gaskiya. Na uku yakan canza gwargwadon yadda ya tashi. Na ƙarshe kuwa, can ƙasa, shi ne na Otal, wanda Injiniya ta fi so duk cikinsu.

Laifin na Otal ɗaya ne. A hawa na biyu ana buɗe ƙofa da lema da gwangwanin kifi. Yaya ya ce wannan cin mutuncin sana'arsa ne, ya tashi daga kujera, ya rantse ba zai ƙara taɓa wasan ba. Injiniya ta ce tsoro yake ji. Ya ce mutunci yake da shi. Shekara takwas suna wannan gardama, a shago, a gidana, har a waya.

Suna da doka ɗaya da ba su taɓa karyawa ba: ba a neman amsa a intanet. Suna da littafin rubutu mai baƙin bango da suke rubuta abin da suka gwada, ita da shuɗin biro, shi da fensirin da yake maƙalewa a kunne. Wanda ya riga gano amsa sai ya rubuta a shafi, ya naɗe, ya manne bakin da gam, kuma ɗayan ba zai buɗe ba sai ya wuce wurin da kansa.

Ta rasu tana da shekara ashirin da uku, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Ba zan tsawaita a nan ba.

Wata goma sha ɗaya kwamfutarta tana cikin durowa. Ranar da na buɗe ta, takardun makarantarta nake nema, sai na ga wasan Otal. A ciki akwai wurin da ta tsaya ta ajiye, ta sa masa suna "Na Kawu". Na danna. Ga ɗan mutum da jar hula tsaye a hawa na tara, gaban wata koriyar ƙofa. A jakar kwamfutar kuma ga littafin nan mai baƙin bango, shafin ƙarshe a naɗe, a manne, ta rubuta a bayansa: ƙofar hawa na tara.

Na riƙe shafin na daɗe. Rubutunta ne a ciki, wanda ban taɓa karantawa ba, kuma na san babu wani sabo da zai ƙara zuwa. Da farce ɗaya zan iya buɗe shi. Amma ita ta manne, kuma na san dokar. Na yanke cewa sai na buɗe ƙofar tukuna.

Na tunkari abin yadda aka koya mini. Kaya goma sha bakwai ne a aljihun ɗan mutumin, har da lemar nan, da cokali, da igiyar takalmi, da ƙararrawar keke. Wuraren da za a iya dannawa a hawan goma sha biyu ne. Na zana jadawali mai gida ɗari biyu da huɗu, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sokewa. Sau ɗari biyu da huɗu ɗan mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan ba zai yi ba. Mako uku na yi. Daga nan na sa kwamfutar a jaka na nufi shagon Yaya.

Ya saurare ni yana goge wani makulli, bai ɗago ba. Ya tuna mini cewa ya yi rantsuwa. Na juya masa allon ya ga sunan da ta sa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Sai ya ce rantsuwar tasa a kan hawa na biyu ya yi ta, bai ambaci na tara ba.

Kafin ya taɓa komai sai da ya sa na kwafe wurin da ta ajiye a filas na kwamfuta har guda uku. Ya ce bai taɓa sa magagari a kan makullin mutum ba tare da ya yanka safaya ba, ba kuma yau zai fara ba. Ɗaya ya ba ni, ɗaya ya rataya a allon makullai, na ukun ya ɓoye inda har yau shi ma bai tuna ba. Jadawalina kuwa kallo ɗaya ya yi masa.

"Malama, ke da ƙofa kike faɗa ko jarrabawa kike shirya mata?"

Ya ce a ƙara girman hoton. Ya kafa hanci a allon yana nazarin ramin makullin kamar likita. Ya sanar da ni cewa wannan irin tsohon makulli ne mai dogon wuya da haƙori uku, kuma tunda an zana ramin, dole makullin yana wani wuri a otal ɗin. Muka sauko da ɗan mutumin hawa tara, muka bincike ƙarƙashin kowace darduma da cikin kowace tukunyar fure. Muka sake hawa. Kwana huɗu muna haka, ni ina zuwa da hantsi in tafi da la'asar. A rana ta uku ya ɗauki ƙarfe ya yanka makullin da hannunsa, daidai da ramin da ke hoton, ya ajiye a gaban allon. Na tambaye shi ta ina zai miƙa wa ɗan mutumin. Ya ce ba don a miƙa ya yi ba, don a san cewa shi ya yi nasa.

Masu zuwa yankan makulli suka fara taruwa a waje. Yana leƙowa ta labule ya ce su dawo gobe, yana kan wata babbar ƙofa. Wani ya tambaya ta banki ce, ya ce ta fi.

A saman benen akwai wata tela, mace mai kaifin baki, wadda ba a wata guda ba ta kulle kanta a waje ba. A rana ta huɗu ta sauko da tef ɗin awo a wuya, ta ce iska ta bugo mata ƙofa, makullin yana ciki, dutsen guga kuma yana kunne. Yaya ya ce minti biyar. Ta ce in benen ya kama wuta shagonsa ne a ƙasa. Ya ce minti uku. Ta ɗage labulen ta shigo, muka zama mu uku a wurin mutum ɗaya da rabi, ta tsaya a kanmu tana huci tana kallon allon. Ta tambayi abin da muke nema, na yi mata bayani a taƙaice.

"To ɗakin na wane ne?"

Muka ce ba mu sani ba.

"Ba ku san mai ɗaki ba, kuna ta zura masa cokali a ƙofa? Ku dai ba a koya muku ƙwanƙwasawa ba a gidanku?"

Yaya ya buɗe baki zai yi mata bayanin makulli mai haƙori uku, sai ya rufe. Na duba jadawalina. Kowane layi da wani kaya ya fara. Babu layin hannu wofi. Shekara ashirin da shida ina gaya wa ɗalibai kada su manta da sifiri.

Na mayar da cokalin aljihu. Na kai kibiyar tsakiyar katakon ƙofar, nesa da ramin makullin, na danna. Ɗan mutumin ya gyara hula ya ƙwanƙwasa sau uku. Ƙofar ta buɗe daga ciki, wata tsohuwa mai shara ta leƙo da guga a hannu, ta ce tun ɗazu take jin ana sosa mata ƙofa, ta ɗauka ɓera ne.

Telar ta ce yanzu sai a zo a buɗe tata, ita babu kowa a ciki sai dutsen guga. Yaya ya ɗauki jakar aikinsa ya bi ta. Na zauna da littafin a cinya, ban taɓa shafin ba sai da ya dawo, domin rabinsa nasa ne.

Ya sa siririyar wuƙarsa ya raba gam ɗin a hankali, bai yaga ko kusurwa ba, ya miƙo mini. Na ce ya karanta. Ya ce tabaransa sun yi hazo. Na karanta mana:

"A ƙwanƙwasa. Kawu ba zai yi ba, shi ba a kiransa sai inda babu kowa a ciki. In ya nemi taimakon Mama ma a banza, ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofata ba tunda aka haife ni. Ni minti biyu ya ɗauke ni."

Na ce wannan ƙazafi ne, ina ƙwanƙwasawa. Yaya ya ce gaskiya ne, yakan ji ina yi bayan na riga na shiga. Muka yi dariya har sai da mai jiran makulli a waje ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Daga baya Yaya ya juya mini baya ya kunna injin yanka, ya bar shi yana ƙara, alhali babu makulli a bakinsa. Ni ma ban ce ya kashe ba.

Yanzu wasan Otal ya hau na biyu a jerinsa, ya ture Kukun Jirgi. Na ɗaya ya ce ba zai ba shi ba, domin maganar lema da gwangwanin kifi tana nan, kuma zana ramin makulli a ƙofar da ba a kulle ba yaudara ce. Duk gidan da aka kira shi buɗe ƙofa, sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin ya buɗe jaka. Masu gida suna kallonsa kamar ya taɓu. Sau biyu ke nan ana amsa masa daga ciki.

Ranar Asabar nakan je shagon da hantsi. Muna hawa na goma sha ɗaya, gaban wani tagan da ya ƙi buɗuwa, kuma daga nan babu sauran shafi mai gam. Shi yana rubutawa da fensirinsa. Ni na sayi shuɗin biro, amma ya ce wannan launin yana da mai shi, don haka da baƙi nake rubutawa.