Dalmar Gidan Maina Mai Batir

Shekarar Maina mai batir hamsin da bakwai, kuma babu wanda ya kai shi daɗewa cikin masu cajin batir a kasuwar Diffa. A Maiduguri ya koyi sana'ar, ya dawo gida a 1992 da na'urar caji guda ɗaya, ya kafa rumfa.

A lokacin ƙauyukan bakin kogin Komadugu ba su da lantarki. Ranar kasuwa manoman tattasai kan ɗauko tsofaffin batiran mota a amalanke, Maina ya cika musu, su koma su kunna rediyo da talabijin. Batirin da ya mutu murus kuwa, sai ya fasa ya zare dalmar da ke ciki, domin masunta na sayenta su ɗaura a bakin komar kamun kifi don ta nitse.

Narkar da dalmar ba aikin rumfa ba ne. Matarsa Kaltumi ce ke yi a tsakar gida, cikin wani tsohon kasko, dab da murhun girki. Tana da hannu. Ba ta taɓa zubar da ko ɗigo ba.

"Malam, hayaƙin nan na bar min zaƙi-zaƙi a baki," ta ce wata rana.

"To ai kin huta da sayen sukari."

Ya yi wasa, amma bai yi sakaci ba. Ubangidansa na Maiduguri ya koya masa cewa mai aikin dalma madara yake sha, ita ke wanke ciki. Don haka kowace safiya sai ya tare Bafulatana a bakin hanya ya kawo ƙwarya cike.

"Shanye tas, Hajiyar dalma."

"Ni maraƙa ce? Kai ka sha mana, ko ka yi ƙiba."

Shekara goma sha ɗaya suna haka. Sai ciwon ciki ya fara, mai murɗawa. Sai mantuwa. Daga baya wuyan hannunta ya saki, har ludayi na suɓuce mata. Maina ya ga kamar madarar ce ta yi kaɗan, ya mayar da ita ƙwarya biyu.

A 2005 ya kai ta asibiti a Damagaram. Likitan ya ɗaga leɓenta, ya daɗe yana duban wani baƙin layi a dasashinta, sannan ya tambayi sana'ar gidan. Maina ya faɗa masa, ya ƙara da sauri:

"Amma kullum tana shan madara. Ban taɓa fashi ba."

"Madara abinci ce, Malam," in ji likitan a hankali. "Ba ta fitar da dalma."

Ƙodarta ta riga ta taɓu. Kaltumi ta rasu a 2006, lokacin da ake shanyar tattasai a bakin kogi. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, kuma ya ce wannan ya fi masa ciwo.

Har yau yana caji, amma bai sake fasa batir ba. Masunta sun gaji da roƙo, sun koma wajen wasu. In ya ce wa masu fasa batir ɗin su raba matansu da kasko, sai su ce ai suna ba su madara.

'Yarsa Zahra'u za ta zo wankan jego ƙarshen wata. Makon jiya ya ari shebur, ya haƙe ƙasar tsakar gidan da ta sha hayaƙin dalma har zurfin kamu guda, tun daga murhu zuwa bakin ƙofa, ya loda a amalanke sahu shida, ya kai bayan gari nesa da ruwa, ya binne.