Cigiyar Mai Kwalekwale

A ƙarshen tashar jirgin ƙasa, bayan tagar masu sayar da tikiti, akwai wani ɗaki da ake ajiye abin da matafiya suka manta. Nan Baba Cigiya ya fara aiki yana saurayi, nan kuma furfura ta same shi. Kantoci ne daga ƙasa har rufi: laimomi a layinsu, tabarau a kwali, takalma waɗanda yawancinsu ƙafa ɗaya ne, jakunkuna, sanduna, da wasu haƙoran roba a cikin kwalba waɗanda har yau ba wanda ya zo ya buɗe baki ya ce nasa ne.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane kaya yana da mai shi, in bai zo yau ba, yana hanya. Ruwan sama ya sha yi masa dukan tsiya a hanyar gida, alhali ya kulle laimomin da suka fi na mai shago yawa.

"Malam, ko aron guda ka yi mana, gobe ka mayar," in ji uwargida, farkon aurensu.

"Aro a wurin wa?"

Daga ranar ta daina maganar laima, ta koma ajiye masa tawul a bakin ƙofa.

Mutane sun ɗauka mutum irin wannan ba ya marmarin komai. Yana da nasa guda, sai dai abin ba na faɗa a gaban manya ba ne, domin wasan gem ne. Lokacin yana sabon ma'aikaci, ɗaki ɗaya suke haya da yayansa, mai gyaran rediyo. Wata rana Yaya ya shigo da wata na'urar wasa ta hannu, da kaset guda, ya jona ta da talabijin ɗin da wani ya kawo gyara bai dawo ba tukuna. Sunan wasan ya gagare su karantawa, sai suka sa masa Mai Kwalekwale. Wasu 'yan mutane biyu ne a cikin kwalekwale mai yoyo, suna haura kogi: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kwashe ruwa. Yaya ne matuƙi, ba a ma yi shawara ba.

"Kai dai kwashe, ƙanena. Tuƙi na masu hankali ne."

"Mai hankali ne ya kifar da mu a kan dutse ɗazu?"

"Dutsen ne ya matso."

Na'urar ba ta san ajiye inda aka tsaya ba. In wuta ta ɗauke, ko kwalekwale ya nutse, sai a koma bakin kogi kamar ba a taɓa tashi ba. A can ƙarshe akwai wata babbar ƙofar ƙarfe da ta tare ruwa. Sau ɗaya suka hango ta. Tana fara ɗagawa aka ɗauke wuta, suka zauna suna kallon fuskokinsu a baƙin gilashi. Yaya ya ce ba komai, ƙofa ba ta gudu. Ba a jima ba ya sami aiki a wata ƙasa, ya tafi da alkawarin in ya dawo hutu za su buɗe ta. Saƙon rasuwarsa ne ya dawo. Na'urar ta ci gaba da zama a ƙarƙashin gado har danshi ya cinye cikinta, kaset ɗin kuma ya bi ta.

Baba Cigiya ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su, bai sake taɓa wani wasa ba. Amma a ranakun da tasha ta yi shiru, yakan ga babban yatsansa yana danna gefen tebur shi kaɗai, yana kwashe ruwa.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce ganin yana tsukewa ne daga gefe zuwa tsakiya, magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Ya ba shi shawarar in akwai abin da yake son ya gani, ya gani da wuri. Iyali suka ɗauka zai ce teku, ko wani babban birni. Da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta matsa masa, sai ya kalli ƙasa ya ce yana son ya ga abin da ke bayan wata ƙofa.

Auta ma'aikaciyar ɗakin magani ce, mijinta kuma mai gyaran waya. Bayanin kwalekwale da yoyo ya ishe su. Kafin shayin Baba ya huce, sun gano wasan a wani shafin intanet da ake tara tsofaffin gem, ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Ga kogin, ga 'yan mutanen biyu. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Nawa suke sayarwa?"

"Kyauta ne, Baba. Dannawa kawai zan yi ya sauka."

"Masu shi ne suka ba da kyautar?"

Auta ta kalli mijinta, mijin ya kalli silin.

"Baba, kamfanin ya mutu tun kafin a haife ni. Ba mai sayar da shi ko'ina a duniya. Wasu bayin Allah ne suka ajiye don kada ya ɓace."

"To, tsintuwa ke nan. Tsintacciyar mage kuwa ba ta mage. Rufe."

"Kayan da aka yasar fa ne, Baba," in ji surukin.

"Yasarwa dabam, mantuwa dabam. Wa ya ga lokacin da aka yasar? Kai ka gani?"

Surukin bai gani ba. Uwargida, tana ninke kaya a kan kujera, ta ce, "Ku bar shi. Mutumin da ya yi ta shan ruwan sama da laima a hannun hukuma, ku ne za ku canza shi da rana tsaka?"

Haka aka shiga cigiya. Auta ce ke bin sawu bayan ta tashi aiki, tana kawo rahoto. Kamfanin da ya yi wasan, wani mai ƙera 'yartsana ne ya saye shi. Mai 'yartsana ya karye, banki ya kwashe abin da ya rage. Banki ya haɗa takardun haƙƙin mallakar da wasu tarkace ya sayar wa wani kamfani, wannan kuma wani ya haɗiye shi. Sawun ya ƙare a ƙofar wani babban kamfani da ke yi wa asibitoci manhajar biyan albashi. Ana wannan bin, rani ya wuce, kuma Baba ya fara laluben gefen ƙofa kafin ya shiga ɗaki.

Shi ya tsara saƙon da bakinsa, Auta tana bugawa, daidai yadda yake cigiya a lasifikar tasha. An tsinci wani wasa, kamanninsa kaza da kaza. Ya ɓoye alama guda, launin kwalekwalen, don mai kaya na gaskiya ya faɗa da kansa. Sannan ya roƙi a sayar masa da kwafi ɗaya, ko a ba shi izinin kallo. A ƙarshe ya ce a sa adireshin shafin da kayan suke.

"Baba, ku yi haƙuri, a cire adireshin nan," in ji surukin.

"Ana cigiya a ɓoye inda kaya suke? Wannan ai ba cigiya ba ce, garkuwa ce."

Aka tura da adireshi.

Amsa ta zo daga ofishin lauyoyin kamfanin, cikin ladabi mai yawa. Sun gode masa ƙwarai. Ba su san suna da wannan wasa ba, sai da ya faɗa suka duba, kuma lalle nasu ne. Ba su da niyyar sayar da shi, ba sa ba ɗaiɗaikun mutane izini, kuma haƙƙinsu yana da sauran shekaru masu yawa a gaba. Ba su ce komai game da launin kwalekwale ba. Baba ya sa aka sake karanta masa don ya tabbatar.

Bayan 'yan kwanaki, inda kogin yake a shafin sai wani ɗan rubutu: an cire bisa buƙatar masu haƙƙi. Wasu wasannin da suka fito daga tsohon kamfanin su ma sun bi shi. A ƙasa mutane daga ko'ina suna ta tsine wa wanda ya kai tsegumi. Surukin ya fara karanta guda, Auta ta taka masa ƙafa.

"Allura ta tono garma," in ji uwargida.

Ta fuskar aiki, wannan nasara ce, mai kaya ya bayyana. Baba ya ce alhamdu lillahi da irin muryar da ake amsa gaisuwar rasuwa. Amma abin ya tsaya masa a rai. Shi dai ya san yadda mai kaya yake yi in ya ga kayansa: ya rungume, ya jujjuya, ya buɗe zif ya leƙa, wani har ya yi ƙwalla a kan tsohuwar hula. Bai taɓa ganin wanda ya karɓi kayansa daga wannan kanta ya mayar wata, ya ƙara kwaɗo, ya tafi ba.

"Auta, sun ce za su buga wasan?"

"Su wa?"

"Su lauyoyin. Ko ranar hutu."

"Ban ji sun ce ba, Baba."

A watannin da suka biyo, tasha ta sallame shi da takardar yabo wadda sai da aka karanta masa. Ya koma zaman falo, kusa da taga, inda haske ya fi yawa. Bai sake ambaton ƙofar ba, uwargida kuwa ta lura ya rage cin abinci, ta gaya wa Auta a waya.

Ranar wata Asabar da hantsi Auta da mijinta suka zo da tsohuwar kwamfuta da abin riƙewa guda biyu masu maɓallai. Ashe surukin ya sauke wasan tun ranar farko, kafin Baba ya ce a rufe, irin na masu gyaran waya da ba sa jefar da komai. Ya durƙusa yana jona igiyoyi da talabijin.

"Ba a gidana ba," in ji Baba.

"Gidanka ne, Malam, amma talabijin ɗin nawa ne," in ji uwargida. "Ƙanena ya saya mini."

Ya yi tunanin wannan, ya ga ba ta yi ƙarya ba. Sai ya tashi, ya juya kujerarsa ta kalli taga, ya ba su baya. Hannunsa dai ba ya ciki.

Auta ta ɗauki tuƙi, mijinta kwasar ruwa. Surukin mutum ne mai ladabi da ƙoƙari, amma Allah bai hore masa kwasa ba. Kwalekwale ya nutse, ya sake nutsewa. In ruwa ya fara yawa akwai wata ƙara da wasan yake yi, kamar ana ɗura wa tulu ruwa, kuma Baba yana jin ta tana hawa daga inda yake zaune. Ya daure a karo na farko da na biyu.

"Kai, kwashe mana! Ana jira ruwa ya kai gwiwa ne?"

"To, Baba."

"Ba da sauri ba. Biyu, ka huta, biyu. Ke kuma ki kauce hagu, akwai dutse a nan."

"Na gan shi, Baba."

"Kowa haka yake cewa."

Kwamfutar yanzu tana ajiye inda aka tsaya, abin da Baba ya kira ha'inci, amma bai ce a kashe ba. Aka ci abincin rana a tsaitsaye. Wajen la'asar kogin ya tsuke, kiɗan ya yi ƙasa, sai ƙarar sarƙa tana jan ƙarfe. Auta ta ce a hankali, "Baba, tana ɗagawa."

Ƙafafun kujera suka goge siminti. Ya juyo, ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashin. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman ɗan wurin da idon yake da saura. Abin da ya samu haske ne ruwan ɗorawa, da wani abu mai duhu yana motsi a tsakiya, kamar fitila a bayan jiƙaƙƙen zane.

"Me ke bayanta?"

"Ruwa ne kwance, Baba, ba duwatsu. Rana tana faɗuwa. Akwai wani ɗan gida a bakin gaɓa, da hayaƙi yana fita. Kwalekwalen yana tafiya da kansa, ba ma danna komai."

"Sai me?"

"Sun tsaya. Sun ɗaure shi a jikin itace. Ga sunaye suna hawowa, na waɗanda suka yi wasan."

"Akwai na kamfanin da ya rubuto mana?"

Ta bi su har ƙasa. "Babu."

Ya gyaɗa kai. Uwargida ta miƙe ta shiga kicin, ta kunna famfo, ba ta wanke komai ba.

"Su nawa suka sauka daga kwalekwalen?"

"Su biyu, Baba. Matuƙin ne a gaba, ɗayan yana binsa da bokiti."

"Haka yake," in ji Baba. "Ba ya jiran mutum."

Surukin ya kai hannu zai zare igiya. Baba ya ji motsinsa, ya ɗaga yatsa.

"Bar shi tukuna. Sun shiga gidan?"

"Suna bakin ƙofa."

"To, a jira su shiga."