Yadda Sunan Kawuna Ya Zama Zagi

Duk wanda ka ji ya ce wa wani "mai alli" yau, zaginsa yake yi. Wasu mahassadi suke nufi, wasu munafuki, yaran yanzu kuwa ko rowa ka yi musu sai su liƙa maka. Har wani na ji a rediyo yana rantsuwa wai daga malaman makaranta kalmar ta fito. Ƙarya yake. Daga aljihun rigar kawuna ta fito, wan mahaifiyata.

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi yana duba motocin haya a tasha kafin su ɗauki fasinja. Sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya sa direba ya taka birki sau uku. In bai gamsu ba, alli kawai zai zaro ya ja layi a jikin taya, ranar nan motar ba ta fita. Direbobi sun gwada shi da cin hanci, sun gwada da magiya, wani har tsohuwarsa ya ɗauko ta zo roƙo. Kawu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta kujerarsa, amma bai goge layin ba.

Direbobin ne suka sa masa Mai Alli. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a murfin akwatin kayan aikinsa.

Da ya yi ritaya ciwon ƙafa ya zaunar da shi a ɗaki, sunan ya ci gaba da yawo shi kaɗai. Daga bakin direbobi ya koma na kwandastoci, daga nan ya shiga kasuwa ya lalace. Abin da ke ƙona min rai, masu zagin nan da yawansu ba don allinsa ba da marayu ne. Mu a gida muka haɗa baki kada ya ji. Baƙo tun daga ƙofa matar Kawu ke ja masa kunne. Shekara tara muna rufe wannan magana.

Ranar da zan kai shi ganin likitan ƙashi, motar maƙwabcinmu da za ta kai mu ta ƙi tashi, dole muka shiga bas. Ba mu yi nisa ba wani fasinja ya yi ƙorafi an cusa mutum biyar a kujerar mutum uku.

Kwandasta ya ce masa, "Kai dai mai alli ne wallahi, ba ka son ganin mutum ya ci abinci."

Kawu ya ɗago kai yana murmushi. "Na'am. Ashe ka san ni, ɗana?"

"Baba, ba da kai nake ba. Zagi ne, kai me ka yi min?"

"Zagi?"

Na taka ƙafar kwandastan, a banza. Direba, da ba wanda ya sa bakinsa, ya amsa daga gaba. "Wani mugun tsoho ne aka taɓa yi a tasha, ya hana bayin Allah neman abinci. An ce ma a wulaƙance ya mutu."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Kawu ya damƙe hannuna. Haka ya riƙe ni har muka sauka, har muka zauna a bencin asibiti muna jiran a kira shi.

Can ya ce, "'Yar nan, a gida kun sani?"

"Mun sani, Kawu."

"Kuka bar ni ina amsawa."

Na sunkuyar da kai.

"Ke ma kina faɗa?"

Na so in rantse masa. Amma ko shekaranjiya na jefi wata abokiyar aikina da kalmar a gaban mutane, aka yi dariya, na kuma ji daɗi. Kawu ya jira amsa, ya jira, sannan a hankali ya zare hannunsa daga nawa.