Yadda Kukan Orest Ya Sayar da Wasa

Orest Pawluk ya girme mu duka a kamfanin, har da masu kamfanin. Lokacin da na fara aiki a can ina zanen itatuwa da duwatsu, yana dab da shekara sittin. A arewacin Winnipeg aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa. Kafin ya zo wurinmu, gyaran injunan wasa yake yi, irin manyan nan da ake jefa wa kwabo a mashaya da gidajen abinci. Da kasuwarsu ta mutu, wani ya yi masa hanya ya zama mai gwaji. Aikinsa shi ne ya buga wasan da muke ginawa daga safe har yamma, ya yi ta cusa ɗan wasan cikin bango, ya faɗa rami da gangan, in ya ga abin da ya karye ya sanar da mu. Yatsunsa kauri gare su, yana da nawa, amma ba ya ƙosawa. Duk Juma'a sai ya zo mana da tukunyar perogi, wato dafaffen ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyiyar albasa, yana ba da haƙuri wai bai kai na Doreen daɗi ba. Doreen ita ce matar tasa. Ciwon daji ya ɗauke ta a hunturun da ya gabaci zuwana.

Wasan da muke yi sunansa Mai Fito. Labarin wani tsoho ne da ke ƙetarar da mutane kogi, da kwalekwale lokacin zafi, da keken doki a kan ƙanƙara lokacin sanyi. Masu kamfanin su biyu ne, Dorian Penner da Solange Beaudry, kuma rigimarsu ɗaya ce kullum: a saki ɗanɗano kafin wasan ya fito, ko kada a saki. Ɗanɗano shi ne farkon wasa da ake ba mutane kyauta, wanda a sana'ar muke ce wa demo.

"Ka ba mutum awa guda kyauta, ya ƙoshi, ya goge baki ya tafi," in ji Solange. "Wanda yake ɗoki ma sai ɗokin ya sace."

Dorian ya ce, "Ɗokin wa? Ba wanda ya san da mu a duniya, Solange. Ko mamarki ba ta iya faɗin sunan wasan ba."

Dorian ya yi rinjaye. Aka yanke ɗanɗanon zai ƙare a inda ƙanƙara ta fashe da matar tsohon, yana tsaye a bakin gaɓa yana kallo. Ɗan wasan kwaikwayon da aka yi shiri da shi a Toronto ba zai samu lokaci ba sai bayan wasu watanni, don haka ana buƙatar muryar wucin gadi. Muryar tsoho ɗaya ce a ofishin.

Ɗakin ɗaukar muryarmu wani ɗan sito ne da aka liƙe bangonsa da barguna, teburina kuma yana jikin bangon. Na ji Orest yana karanta layin kamar mai karanta takardar magani. Na ji Dorian yana cewa a sake, a sake. Can sai ya sassauta murya.

"Orest, mutumina, manta da takardar. Ka tuna ranar da Doreen ta tafi. Kana wurin, ko?"

Sai Orest ya fashe da kuka. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irinsa ba. Numfashinsa ne yake sarƙewa, in ya ja shi sai wata ƙara ta fito daga maƙogwaro, siririya, mai kaifi, sau uku a jere. Ni a teburina sai da na ajiye alƙalami. Ya fito yana share fuska da hularsa, yana cewa a yi masa afuwa.

"Ba da wannan za ka saki ba dai ko?" ya tambayi Dorian.

"Na ɗan lokaci ne kawai. Mutumin Toronto na zuwa, mu goge. Na yi maka alkawari."

Ɗanɗanon ya fita cikin Fabrairu. Mako guda ba wanda ya kula. Solange tana yawo a ofis da fuskar na-faɗa-muku. Sai wani mai buga wasanni kai tsaye a intanet, wanda dubban mutane ke kallo, ya kai wurin da ƙanƙarar ta fashe. Da ya ji kukan sai ya faɗo daga kujera don dariya. Ya mayar baya, ya sake sa shi, ya sake. Ya ce, "Jama'a, wa ya taka dinya?"

Kafin ƙarshen mako kukan ya zagaye ko'ina. An ɗora shi a kan bidiyon dinyoyi suna koran mutane a filin shaƙatawa, a kan butar shayi mai tafasa, a kan motar da ta ƙi tashi. Wani ya yi masa kiɗa. Suna ya bi tsohon da ke cikin wasan, Baba Dinya, kuma da yake sunan Orest yana cikin jerin ma'aikata a ƙarshen ɗanɗanon, sunan ya bi shi ma. Masu sa wasan a jerin abin da za su saya suka yi ta ninkuwa, har Dorian ya kafa allo a bango don kowa ya gani.

Orest ya same shi a gaban allon. Ya yi magana a hankali, amma ofishin fili ɗaya ne.

"Dorian, yaushe mutumin Toronto zai zo?"

"Na sallame shi."

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi wa kamfanin da ba wanda ya sani alkawari. Dubi allon nan, dattijo. Kai ka ciyar da mutum sama da goma. Kamata ya yi ka riƙa tafiya kana buɗa kafaɗa."

"Matata nake yi wa kuka."

"Ai shi ya sa ya yi kyau," in ji Dorian, ya dafa shi. "Duk abin da aka yi a lokacin aiki na kamfani ne, ka sani. Kada mu ja maganar ta kai can."

Orest ya juya wurin Solange. Ita da ta yi ta faɗa kan kada a saki ɗanɗanon, sai ta kalli allon, ta kalli kofinta, ta ce, "Na yi kuskure a kan demo. Ba na jin kunyar faɗa." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Daga nan ofishin ya canza masa. Wani daga cikin masu rubuta manhaja ya mai da kukan ƙarar wayarsa. In wani abu ya karye a wasan, sai ka ji an danna shi daga wani lungu, a kwashe da dariya. Orest yakan yi murmushi, ya sunkuyar da kai ga aikinsa. Aka ƙara maɓalli a cikin wasan, wanda ko ina kake in ka danna tsohon zai yi kukan. Aka ba Orest ya gwada maɓallin, tunda shi ne mai gwaji. Ya wuni yana dannawa, a kan kogi, a cikin daji, a gaban kabarin matar tsohon, ya rubuta cewa yana aiki daidai.

Da zafi ya shigo aka kai shi babban baje kolin wasanni a Seattle. Bai so zuwa ba. Dorian ya ce ai ba roƙo ba ne. An ɗinka 'yan dinyoyin auduga masu hular mai fito, in ka matsa cikinsu su yi kukan. Aka zaunar da Orest a bayan tebur yana sa hannu a kansu. Layi har ya lanƙwasa bayan rumfar maƙwabta. Ina gefe ina nuna wa mutane yadda ake buga ɗanɗanon, amma kaɗan ne suka zo don shi.

"Baba Dinya! Yi mana ɗaya!"

"Haba tsoho, daga Portland na tuƙo mota. Ɗaya tak."

"Ba na iyawa haka kawai," in ji Orest.

Wata budurwa mai shuɗin gashi ta ɗaga wayarta ta kusanto da ita fuskarsa. "To ka tuna Doreen mana," ta ce. Abokanta suka tuntsire.

Orest ya yi fari fat. Ashe wani ya tono sanarwar rasuwar matar a shafin gidan jana'iza, ya ɗauki hotonta, wanda take sanye da rigar ikilisiya mai ɗinkin ja, ya manna mata bakin dinya. Budurwar ta nuna masa. Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya miƙe ya nufi bayi, wasu samari suka bi shi da wayoyi suka tsaya a bakin ƙofa suna kasa kunne. Bai ba su abin da suke so ba. Ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba har suka gaji.

Abin da ya fi karya shi a gida ya same shi. 'Yarsa ɗaya ce, Larysa, ma'aikaciyar jinya. Ba ta buga wasanni, don haka labarin ya daɗe bai kai gare ta ba. Ranar da ya kai, a ɗakin hutun ma'aikata ne, wata abokiyar aikinta ta matsa cikin dinyar auduga don a yi dariya. Larysa ta gane kukan nan take, don tana tsaye kusa da shi ranar da ya fara yin sa, ranar rasuwar mahaifiyarta. Ta zo ofishinmu da rana tsaka, da kayan aiki a jikinta, ta tsaya a kansa.

"Tato," ta ce, haka take kiransa tun tana yarinya. "Gaya mini ba kai ba ne."

"Larysa, zo mu fita waje."

"Ba inda za ni. Nawa suka ba ka? Mama tana kwance ba ta iya haɗiye ruwa, kai kana tara abin sayarwa?"

"Ba haka aka yi ba, 'yata. Ce mini aka yi za a goge."

"Ka sa hannu a kan dinya, Tato. Na ga hotonka kana murmushi."

Ta cire makullin gidansa daga cikin nata ta ajiye a kan teburinsa, ta fita. Ƙofar ba ta gama rufuwa ba wayar mai rubuta manhajar nan ta yi ƙara. Ya yi ta lalube yana neman kashe ta, yana cewa ba da gangan ba ne, wasu kuma suka toshe baki.

Wasan ya fito da kaka, ya sayu fiye da duk abin da muka yi mafarki. Da yawa sun saya, sun danna maɓallin, sun kai inda ƙanƙarar ta fashe, ba su ƙara buɗe shi ba. Itatuwan da na zana a rabin ƙarshe ban tabbata mutum ɗaya cikin goma ya gan su ba. Dorian bai damu ba. Aka gayyace shi taron masu sana'ar ya yi lacca kan yadda ɗanɗano ke ceton ƙaramin kamfani. Ya buɗe laccar da kukan, zauren ya ɗauki tafi.

Da aka gama gyare-gyaren bayan fitowa, aka sallami masu gwaji, kamar yadda ake yi a ko'ina. Orest yana ciki. Dorian ya ce masa ƙofa a buɗe take in an zo yin kashi na biyu. Da aka zo yin sa kuwa an kira shi, an sa shi a siton, Dorian ya yi ta ambaton Doreen, har ya kawo zancen Larysa. Ba abin da ya fito. Sai suka ba na'ura tsohon kukan ta koya, ta fitar musu da kala-kala, na mamaki, na jin yunwa, na murna. Ba su ƙara nemansa ba.

Ya sayar da gidan ya koma garin Dauphin kusa da ƙanwarsa Oksana, ya sami aikin jera kaya a wani shagon kayan gini. Ni ma na bar kamfanin daga baya, amma mukan gaisa a waya. Larysa ta haihu, a bakin Oksana ya ji.

Bara Oksana ta rasu, na tuƙa mota na je. Cocin ƙarami ne, ya cika. Orest yana layin gaba, ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Larysa tana ɗaya ɓangaren da mijinta. Lokacin da aka buɗe akwatin don ban kwana, ya taka ya tsaya a kan ƙanwarsa, kafaɗunsa suka fara rawa. A layin da ke gabana wani magidanci, surukin dangi ne, ya zunguri na kusa da shi, ya zaro waya a hankali ya riƙe ta daidai ƙirjinsa. Orest ya waiwayo, ya gan shi. Ya haɗiye abin da ya taso masa, ya gyara tsayuwa, ya sumbaci goshin Oksana da busassun idanu, ya koma ya zauna.

A zauren cin abinci bayan an dawo daga maƙabarta, ina layin ɗibar kabeji na ji wasu tsofaffin mata biyu suna magana.

"Kin ga Orest? Ko ɗigon hawaye."

"Ƙanwarsa guda, wadda ta riƙe shi. Amma da kuɗi aka ajiye masa, da kin ji shi har bakin titi."

Yana zaune a ƙarshen tebur shi kaɗai, nesa da su kaɗan. Na kai masa kofi. Ya karɓa da hannu biyu, ya tambaye ni ko hanya ta yi kyau daga Winnipeg, ya ce in tashi da wuri don an ce ƙanƙara za ta sauko da yamma.