Direban Da Ya Ajiye Mana Rana A Baya

Kafin masu shaguna su buɗe, Baba Tafi-Sannu ya riga ya iso tasha. Zai duba ruwa da baƙin mai, ya zagaya ya daddanna tayoyi da ƙafa, sannan ya jawo tsummansa. Sauran direbobi gilashin gaba suke gogewa su wuce. Shi da tagogin baya yake farawa, wai shi ya san hanya, baƙo ne ya zo kallo.

Ba ya lodi. Aikinsa shata ne: duk wanda ya yi baƙo yana son a zaga da shi gari da ƙauyukan gefe, shi ake nema. 'Yan tasha ne suka laƙaba masa sunan, kuma ya ci shi. Mai facin bakin ƙofa ya rantse mini cewa tun yana saurayi yake wurin, bai taɓa jin ƙarar birkin Baba ba. Ni da nake da gajen haƙuri, ranar farko da na shiga motarsa na ce, "Baba, ko in sauka in tura?" Ya ce, "Zauna, ɗana, garin ba gudu yake ba."

A wannan watan 'ya'yansa suka karɓe makulli, gwiwa ta ce ta gaji. Shi ya sa na ga bai kamata ya koma gida shiru ba.

Bara aminina Dogo ya zo mini. Tare muka yi makaranta a garin nan, aiki ya ɗauke shi ya kai nesa. Ciwon suga ya taɓa masa ido, likita ya gaya masa ganin tafiya yake, ba zai dawo ba. Rana ta haske shi, komai ya koma fari fat. Magariba ta yi, sai lalube. Ya ce yana son ya ƙara ganin makarantarmu da kasuwa, musamman kogin da muke tserewa wanka a yamma da gari. Ya kuma ja mini kunne: "Kada ka gaya wa kowa. Ba tausayi na zo nema ba."

Na tsara mana gari da safe, kogi da la'asar. Baba ya iso, aka gaisa, Dogo ya shiga baya. Sai kawai na ga mota ta miƙi hanyar fita gari.

"Haba Baba! Kasuwa na ce."

"Kasuwa tana nan. Kogi za mu fara."

Na yi ta mita, ya ci gaba da tuƙinsa. Sai da muka yi nisa na lura Dogo ya sauke hannun da yake kare fuska da shi. Mun nufi yamma da safe, rana tana bayanmu, gonaki sun fito tas. Da tsarina aka bi, da rana za mu yi ta kallo har mu isa, mu dawo cikin duhu.

Baba ya rage gudun da dama babu shi, yana surutu kamar da kansa yake. "Kai, mangwaron nan na hannun dama ya girma." "Ikon Allah, shanu a ƙarƙashin gada, ga farar can ta ware kanta." Duk inda ya ambata, can Dogo yake juya kai, ya ƙura ido har ya kamo abin. A bakin kogi Baba ya shige gaba ya ce, "Ku biyun ku bi sawuna, akwai santsi." Ku biyun fa ya ce, alhali ni ko tuntuɓe ban yi ba.

Dogo ya zauna a kan dutse yana kallon ruwa har rana ta take. Na matsu, na fara duba agogo. Baba ya ja hannun rigata gefe.

"Ƙyale shi. Guzuri yake yi."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Babu. Da zai shiga mota, hannunsa ya riga idonsa nemo ƙofa. Kada ka ce masa na sani."

Da rana ta karkata muka juyo gabas, ta sake komawa bayanmu. Ya kai mu makaranta, ya tsaya daf da ƙofar ajinmu. Ya ratsa da mu kasuwa ta layin masu yadi, inda launi ya fi yawa. Kafin kiran magariba mun shiga gida.

Baba, kai ne ka gane abin da aka ɓoye maka, ka kuma taya mai shi ɓoyewa. Ba ka riƙe masa hannu ba, ba ka ce masa sannu ba, ka bar shi da mutuncinsa. Direban baƙi, mai ido a madubi, mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Ya sa 'ya'yanka su riƙe ka yadda ka riƙe baƙin mutane. Ku kuma matasan tasha da kuke fizgar mota kamar an biyo ku, ku riƙa waiwayen wanda kuka ɗauko. Ba kowa ne zai sake biyo hanyar ba.

Yanzu idon Dogo ya rufe gaba ɗaya. Na buga masa waya na ce Baba ya ajiye tuƙi, na nemi izinin in ba da labarin nan, na kuma gaya masa tsohon ya sani tun a ƙofar mota.

Sai ya ce, "Rubuta. Kuma ka gaya masa har yau ina ganin ruwan nan."