Alluna a Ƙofar Gidan Koci Tubbs

A garinsu Wendell Tubbs, can yammacin Texas, ba a korar kocin zari-ruga da baki. In ƙungiyar makaranta ta sha kashi ranar Juma'a, washegari sai ya tarar an kafa masa allon "Gidan Sayarwa" a ƙofar gida.

Bana allunan sun ƙi ƙarewa, tunda Tubbs ya ɗora Emory, ɗan shekara sha biyar, a matsayin madugu mai jefa ƙwallo. Wajen atisaye yaron ba ya kuskure. Da 'yan kallo sun cika fili kuwa, sai ya riƙa miƙa wa abokan hamayya ƙwallo. Tubbs ya yi faɗan, ya yi lallashin, duk a banza.

"Ka zaunar da yaron nan a benci mana, tsoho," in ji matarsa Loretta. "Masu kafa allunan nan sun mayar mini da ciyawa ramuka."

"In na zaunar da shi yau, ya zaunu ke nan."

Wata Asabar ya yi sammako, ya ɗaga labule. Ga Emory can yana tumɓuke alluna, yana lodawa a kekensa. Ashe waɗanda Tubbs yake tararwa ragowa ne.

Ya saki labulen a hankali, kada yaron ya gan shi.